Daminar da Yaya Sale Ya Dawo

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne mai saukar da ruwa, Shi ne kuma mai riƙe shi in ya ga dama.

Bana ruwa ya ɗauke mana kwana ashirin da wani abu, daidai lokacin da gero ya fara ɗaukar ciki. Ganye ya naɗe, ƙasa ta yi fari, kogi kuma ya makara bai hau fadama ba. Kullum bayan la'asar nakan sa a shimfiɗa mini buzu a gindin tsamiyar bakin gari, in zauna ina duban gabas. Samarinmu ba su damu irin damuwarmu ta da ba. Suna da injin ban ruwa, wasu har da mai aiki da hasken rana. In kogi ya ƙi zuwa gona, sai su jawo shi da tiyo.

A gindin tsamiyar nan Bulamanmu na yanzu, wato mai garinmu, yake iske ni. Ɗansa soja ne, yana can dajin gabas, wata bakwai ke nan ba a gan shi ba. Wayar Bulama tana aljihunsa na gaba, ko kaza ta yi motsi sai ya kai hannu ya taɓa ta. In yaron ya kira, maganar ba ta da tsawo: lafiya lau, a ci gaba da addu'a. Ganin hannun nan a kan aljihu da ganin geron da ke naɗewa su suka mayar da ni wata damina, shekara hamsin da ɗoriya baya. Na so in ba Bulama labarin da baki, bakin ya yi mini nauyi, sai na ɗauko alƙalami.

Mu biyu Inna ta haifa maza, Yaya Sale da ni Haruna. Ƙauyenmu yana tsakanin Haɗejiya da Guri, kogi na kudu da mu. Da Baba ya rasu aka raba mana gona. Yaya ya sami ta kwari a cikin fadama, wadda ake shinkafa, ni na sami ta tudu, jigawa mai yashi, ta gero da wake. Ni aka kai karatu, shi kuwa tun yana ƙarami hannunsa na kan fartanya. Da yaƙin basasa ya tashi aka zo Haɗejiya neman masu shiga soja, sai ya tafi kasuwa da akuya zai sayar, ya dawo ba akuya, ya ce ya ba da sunansa. Inna ba ta hana shi ba. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa kuka a gaban mutane. Ta dai sayar da tasarta ta sa aka ɗinka masa kambu, laya ce ta fata da ake ɗaurawa a damtse, ta ba ni na miƙa masa.

A shekara ta biyu kambun ya dawo shi kaɗai. Wani soja ɗan Kafin Hausa da aka sallama ya kawo shi a cikin tsumma. Ya ce shi dai ya ga Sale ya faɗi, ya ga an ɗauke shi an sa a mota tare da waɗanda ba sa motsi, ya tsinci wannan a wurin. Bai ce ya mutu ba, wannan shaida zan yi masa. Dattawa ne suka juya kambun a hannu suka ce namiji ba ya rabuwa da kambunsa da rai. Liman ya ce a jira. Aka jira har yaƙi ya ƙare, masu dawowa suka dawo, aka ƙara shekara guda. Sannan aka yi masa salla daga nesa, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Matarsa ta yi takaba ta yi aure a Guri. Aka fitar mata da nata gadon, aka fitar wa Inna, gonar kwari ta faɗo hannuna. Na buɗe bangon littafina, inda nake rubuta haihuwa da mutuwar gidanmu da ajami, na sa sunansa a ƙarƙashin na Baba.

Damina biyu na noma gonar. Gab da ta uku, ana cikin zafin bazara, ya dawo.

Ina gyaran danga da hantsi na ga mutum tsaye a ƙofar gida da jaka ta kakin soja. Ya rame, yana ɗan karkata gefen dama in zai taka. Na daɗe ina dubansa da igiya a hannuna. Ban ji tsoro ba, ban ji murna ba, sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a cikin ƙashi. Ya ce, “Haruna, ba ka maraba da baƙo?” Na ce ya shigo. Inna tana tsakar gida tana tsince wake. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta mayar da kanta kan faifai, hannunta na ta tsince waken da ta riga ta tsince. Can ta ce wa matata Ladi, “A ba shi ruwa.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan a ranar. Sai da ta shiga ɗaki muka ji faifan ya faɗi.

Labarinsa bai da yawa, ko kuwa shi ne bai ba da shi da yawa ba. Harsashi ya same shi a kwiɓi, damtsensa ma ya kumbura har aka yanke kambun da wuƙa aka yar. Ya yi fiye da shekara a asibitin soja, daga nan aka bar shi a bariki yana ƙananan ayyuka har aka sallame shi. Liman ya tambaye shi me ya hana ya aiko da saƙo. Ya ce da farko ya so ya warke ya zo da ƙafarsa, daga baya kuma ya haɗu da wani falken shanu na ƙasarmu a can kudu.

“Shi ya gaya mini an yi mini arba'in,” in ji shi. “Na ce to, tunda sun riga sun sha wahalar, bari in bar su su huta.”

Game da matarsa ya ce a ƙyale ta, tana da goyo. Game da gona Liman ya yi magana a fili a ƙofar masallaci: wanda aka raba gadonsa ya bayyana da rai, dukiyarsa tasa ce. Ban buƙaci a gaya mini ba, na karanta babin gado da kaina. Yaya ya ce ba gaggawa, Haruna ya riga ya yi sharar gona ya tanadi iri, a bari a ga yadda damina za ta yi. Da ya ga sunansa a bangon littafi na ce zan kankare, sai ya ce in bar shi, za a buƙace shi wata rana, kada a ɓata tawada sau biyu.

Da a ranar na ce masa ga gonarka, da magana ta ƙare. Amma ya ce ba gaggawa, ni kuma na kama wannan kalma na riƙe ta da hannu biyu.

Ruwan farko ya zo a makare. Muka shuka gero a tudu, ya fito kamar gashin jariri, rana ta ƙone shi. Muka sake shukawa, iska ta binne shi da yashi. A karo na uku irin ya ƙare, sai da Ladi ta kai zanen aurenta kasuwa. Hadari kan haɗu da yamma, baƙi ƙirin, a ji ƙamshin ƙasa daga nesa, mata su fito da tukwane su jera a ƙarƙashin indararo. Sai iska ta taso ta kwashe shi ta yi yamma da shi. A mayar da tukwane ɗaki. An fita roƙon ruwa sau uku, mun juya riguna, yara da tsofaffi a gaba. Ranar da muka dawo daga na uku an yi yayyafi wanda bai jiƙa bayan jaki ba.

Geron da ya tsira ya yi tsawon gwiwa ya tsaya. Ya fitar da kai kamar ɗan yatsa, in ka murza sai ƙaiƙayi. Tun kafin tsakiyar damina na san gonar tudu ta tafi. Abin da ya rage mana shi ne shinkafar kwari. Mun watsa ta da ruwan farko kamar kullum, ta fito, tana jiran kogi ya cika ya hau fadama ya shayar da ita. Kogi ya taso kaɗan, ya tsaya ƙasa da gaɓa da kamu uku, bai ƙara ba.

Rumbu ya ƙare. Aka koma dusa, Ladi ta daka ta ta tankaɗe ta dama kunu mai ruwa ruwa. Da safe ita da matan unguwa su tafi neman tafasa da rama, a dafa a matse a sa ɗan gishiri. Da tafasa ta yi wuya aka shiga tafkunan da suka rage ana ciro bado, a shanya 'ya'yansa a daka, a yi tuwo baƙi mai warin laka. Yara suna yini da goriba a baki, suna gwaguya har dasashinsu ya yi jini. Maza mukan bi busasshen tabo da dagi muna tonon gaiwa, kifin nan da ke binne kansa a laka in ruwa ya janye. Wanda ya samu ɗaya, ranar gidansa an ga maiƙo. Na ga dattijo mai jikoki a durƙushe yana tonon gidan tururuwa don ƙwayar da suka tara. Na wuce ban gaishe shi ba, don kada ya san na gani.

'Ya'yana biyu a lokacin, Auwalu mai shekara huɗu da Ummi tana nono. Nonon ya janye. Kukan Ummi ya koma wani ɗan sauti kamar na mage, daga baya ma ta rage yinsa. Yunwa in ta daɗe ba ta ciwo. Jiki ne kawai yake yin nisa da mutum, ka ga hannunka yana aiki kamar na wani. Na daina jin haushi, na daina jin tausayi. Ina salla, ina karatu, bakina na tafiya, zuciyata na zaune wuri ɗaya.

Yaya yana ɗakin zaure. Tare muke ci, kwano ɗaya, kuma kullum shi ke fara tsame hannu ya ce ya ƙoshi. Da asuba ya riga kowa tashi, ya naɗe tabarma ya jingine ta tsaf, ya tafi gona. Wace gona? Ta kwari. Ya yi cirar ciyawa tare da ni, ya gyara jinga, wato tudun ƙasar da ke kewaye da gonar don riƙe ruwa. Bai taɓa cewa gonata ba, bai taɓa cewa gonarka ba. Cewa yake yi, mu je kwari. Mutanen gari kuwa bakinsu ya saba, shekara uku suna cewa gonar marigayi, ba su iya sakewa ba. Su kan faɗa, su tuna, su yi tari.

A cikin haka watan azumi ya kama. Wani ya ce bana azumi ya iske mu muna yinsa. Shinkafa ta fara ja daga baki, kogi kuma ya nuna alamar komawa. Bulama na wancan lokaci, kakan na yanzu, tsoho ne ƙwarai, ya tara magidanta bayan sallar Juma'a ya ce ba sauran dabara sai a haƙa wa kogi hanya. Daga gaɓa zuwa bakin fadama tafiya ce mai ɗan nisa, ƙasa kuma ta yi tauri kamar dutse. In an gama kafin kogi ya sauka, shinkafa ta sha. In ba a gama ba, an yi wahalar banza da azumi a baki.

Akwai al'adar da muka gada game da irin wannan gayya. Gidan da bai ba da mai haƙa ba, gonarsa ba ta shan ruwa. Ranar da za a saki ruwa kuma Bulama kan bi hanyar da ƙafa, ya tsaya a kan kowace gona ya kira ta, mai ita ya amsa a gaban jama'a, ya sare jingarsa da hannunsa ruwa ya shiga. Wanda ya amsa shi ne mai gona, bana da baɗi da bayansu. Ba takarda, ba alƙali. Kowa ya san wannan. Na sani, Yaya ya sani.

Kwana biyu na farko muka yi ta sara kowa inda ya ga dama, ƙasa na zubowa tana cike inda aka haƙa, kafin azahar mutum uku sun faɗi. A rana ta uku Yaya, wanda tun dawowarsa ba a ji muryarsa a taro ba, ya je ya durƙusa gaban Bulama ya ce, ranka ya daɗe, in an yarda zai tsara aikin. Ya raba mu kashi uku: masu sara da diga, masu kwasa da shebur da kwando, masu zama a inuwa, ana juyawa in inuwar sanda ta matsa taki ɗaya. Ya ce a faro daga fadama a nufi kogi, a bar toshiya a gaɓa sai ranar ƙarshe. Ya ce a kwantar da bangon ramin kada a miƙe shi, a zuba ƙasa gefe ɗaya nesa da baki. A fara da an sallame asuba, a tashi da hantsi ya yi zafi, a dawo bayan la'asar. Tsofaffi suka yi gunaguni, wai yaushe aka taɓa gayya wasu na zaune. Kafin kwana biyu suka yi shiru, don ramin ya fara tafiya.

Gambo masunci, taubashinmu ne, shi kaɗai ke iya tsokanar Yaya. Yana kwasar ƙasa ya ce, “Marigayi, ashe a lahira ma ana koyar da haƙa?”

“Ita kaɗai ake koyarwa,” in ji Yaya.

Aka yi 'yar dariya, irin ta masu azumi, ba sauti. Zafi ya sa kowa ya tuɓe riga, a nan jama'a suka ga kwiɓinsa. Wurin ya lotsa kamar an ɗebe da ludayi, fatar ta tattare tana sheƙi. In ya ɗaga diga sai tabon ya ja, ya cije leɓe, ya sauke. Bulama ya ce ya koma cikin masu nuni kawai, Yaya ya ce a'a, in ya tsaya jikin ne ke sandarewa.

Wata rana muna inuwa, leɓuna sun bushe sun tsage, Gambo ya sake taɓa shi. Ya ce mutum ya tafi yaƙi shekara da shekaru, ko keke bai zo da shi ba, ya dawo ya tarar da yunwa, me aka samu ke nan? Na zaci ba zai amsa ba. Sai ya ba da labari a hankali, yana duban ƙasa. Ya ce ya shiga garuruwan da doya ta nuna a gona har ta ruɓe, ba mai tonowa, masu ita suna daji suna ɓoye. Ya ce ya ga yara a can waɗanda Ummi ta fi su ƙiba, kuma ba fari ne ya yi musu haka ba, mutane ne. Ya ga masallaci da coci duk an bar su a buɗe awaki na kwana a ciki. Ya ce ƙasa in ta tsage ba ta tambayar gonar wa za ta bi, kuma in ba wanda ya je ya tsaya a bakin tsagar, har nan za ta iso.

“Wannan yunwar da sauƙi, Gambo,” ya ce. “Matarka ta fita neman tafasa ta dawo, ba wanda ya tare ta. Ka yi salla a inda ka ga dama. Abin da na samo ke nan. Ba ya shiga jaka.”

Gambo ya ce to ai shi da keken ya fi so. Sanda ta nuna lokaci, muka tashi.

Yanzu nakan ji a rediyo an ware rana don 'yan mazan jiya, ana busa ƙaho, manya na ajiye furanni. Mu a lokacin ba mu san da wannan ba. Abin da muka iya shi ne muka daina ce masa Sale muka koma ce masa Soja, muka riƙa matsa masa a sahun gaba. Da shan ruwa, in an kawo kunun dusa bakin masallaci, shi ake fara miƙa wa ludayi. Muna ganin mun yi masa kara.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Kullum da yamma Gambo kan kafa kara a bakin kogi, da safe mu tarar ruwa ya janye ya bar shi. A daren ƙarshe na gaya wa Ladi gobe zan ce ga mai gona. Ta ce hakan ne daidai. Ta ce ai Yaya ba zai ci ya hana yara ba. Na ce na sani. Kuma wallahi na sani.

Da hantsi aka fasa toshiya. Ruwa ya shigo a hankali, ja, yana tura kumfa da karmami a gabansa, ƙasa na shansa tana ƙara kamar ana suya. Muka bi shi da ƙafa, gari duka, har mata daga nesa. Bulama na gaba da sandarsa. Ya tsaya ya kira gonar Gambo, Gambo ya amsa ya sare jinga. Ya kira ta Liman, ya kira ta gaba da ita. Tamu ce ta shida. Ya tsaya a kanta, ya dogara sanda, ya kira ta da sunan da bakinsa ya saba.

“Gonar marigayi Sale.”

Ya ji abin da ya faɗa. Na ga hannunsa ya tafi bakinsa. Amma kira ya riga ya fita, kuma ba a kiran gona sau biyu. Ko Gambo bai yi motsi ba. Yaya yana tsaye kusa da ni, kafaɗarsa ta kusa taɓa tawa, ya dogara da diga, laka har gwiwa, yana duban ruwan da ya taru a bakin jinga. Bai dube ni ba. Jira yake yi. Ba zai amsa sunan matacce ba, kuma ba zai ƙwace a bakin ƙanensa ba. Kalma uku ce tawa, ga mai ita, na kwana ina maimaita su.

Ban tuna na yi tunanin komai ba. Ba zan ce na ga fuskar Ummi ba, don kada in yi wa kaina ado. Shinkafar kawai na gani, da ruwan, da yadda suka kusa haɗuwa. Sai na ji murya ta ce, “Na'am,” kuma tawa ce.

Bulama ya sunkuyar da kai. Na durƙusa da fartanya ina saran jinga, ƙasar ta yi tauri, hannuna ba ƙarfi, fartanyar na tsalle. Jama'a na tsaye suna kallo. Sai Yaya ya miƙo mini digarsa ta wajen ƙota.

“Riƙe wannan, ta fi kaifi.”

Sara uku ruwa ya shiga. Bulama ya wuce gona ta bakwai, jama'a suka bi shi, Yaya ma ya bi su, don akwai inda bango ke neman zubewa a gaba.

Ba wanda ya yi mini magana a kai. Liman ya gaishe ni da magariba kamar kullum. Ladi ta ajiye mana kunu ta koma ɗaki. Inna ce kawai, da na shiga gaishe ta, ta juya fuska bango ta ce tana jin barci. Muka sha ruwa ni da Yaya a kwano ɗaya, ya riga ni tsame hannu.

Kwana shida ruwa ya yi yana shiga kafin kogi ya sauka ƙasa da bakin hanya. Ya isa. Shinkafa ta farfaɗo, ba duka ba, wajen rabi. Muka yi Salla da tuwon bado, muka yi ta korar tsuntsu, da sanyi ya fara muka yanka. Tare muka yanka, tare muka sussuka. Ranar da Ladi ta dafa ta fari, ba mai, ba miya sai gishiri, Auwalu ya ci har ya yi amai ya dawo ya ci gaba. Nonon Ladi ya dawo. Ummi ta rayu, yau tana da jikoki a Kafin Hausa. Na ɗebi rabin abin da aka samu na kai ƙofar zaure na ce na Yaya ne. Ya ce a zuba a rumbu ɗaya, shi ba shi da tukunya.

Bayan an gama shigar da amfani ya ce wani abokinsa na soja ya samo masa aikin gadi a Kano. Inna ta ji, ta ce Allah ya tsare, ba ta ɗaga kai ba. Ta ƙulla masa ɗanyar shinkafa a tsumma, ta ba ni na miƙa masa.

Na raka shi Haɗejiya, na ɗaukar masa jaka. Tafiyar rabin yini ce, muka yi ta muna zancen farashin awaki da ciwon ƙafar Liman. A tasha ya sami wuri a bayan babbar mota, a kan buhuna. Na miƙa masa jakar. Direba ya shiga, yaran mota suna ɗaure igiya. Na riƙe katakon motar na ce, Yaya, gonar nan taka ce, ka sauko mu koma, gobe in tara mutane in faɗa a gaban Bulama.

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan. Da akwai, da na fi samun sauƙi.

“Da ranar ruwa ka faɗa, Haruna,” ya ce. Ya gyara zaman jakar a cinyarsa. “Ka kula da Inna. Jingar gabas tana son ƙari kafin baɗi.”

Mota ta tashi. Na tsaya har ta sha kwana, sannan na kamo hanya, na yi la'asar a bakin kogi, na iso gida da magariba.

Shekara goma sha huɗu ya yi yana gadin kantin wani a Kano. Yakan zo da Babbar Salla da sabulu da alewar yara, ya kwana uku a zaure ya koma. Ya zaga gari, ya gaida kowa, ya zauna da Gambo su yi ta tsokanar juna, amma bai ƙara taka fadama ba. Na ƙara wa jingar gabas ƙasa kamar yadda ya ce. Na noma gonar har ƙarfina ya ƙare, yanzu 'ya'yan Auwalu ke noma ta. Gona ce mai kyau. Ko a shekarar da ta kowa ta ƙi, ita takan bayar.

Allah ya jiƙan Yaya Sale. Ni kuma Allah ya sa ya yafe mini, don ban ƙara samun bakin tambayarsa ba.